Ranar Neman Aiki Ita Ce Darasinka Na Farko

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu domin in yi magana da 'yan'uwana ɗalibai, musamman waɗanda su ke shekarar ƙarshe, a kan wani al'amari wanda ba ya cikin jadawalin darussanmu, amma kuwa kowa a cikinmu sai ya gamu da shi. Shekara uku cur a ke yi ana koya mana yadda za mu tsaya gaban yara. Ana koya mana riƙon alli, da tsara darasi, da kiran rajista, da sarrafa aji. Amma tsayawa gaban mutumin da zai ba mu ajin, watau hedimasta ko mai makaranta ko kwamitin ɗaukar ma'aikata, wannan an bar kowa da dabararsa. Ra'ayina shi ne abin nan biyu ɗaya ne. Ranar da malami ya tafi neman aiki da ƙafarsa, ran nan ya ke ba da darasinsa na farko, wanda ya zauna bayan tebur kuwa shi ne ajinsa na farko.

Bari mu fara duba irin garin da za mu nemi aikin a cikinsa. A ƙauye, in saurayi ya shiga ofishin hedimasta, kafin ya buɗe baki an riga an san ubansa da kakansa, an san ko gidansu gidan mutunci ne. Abuja ba haka ta ke ba. Tun da aka yi dokar kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, aka kuma dawo da mazaunin gwamnati daga Legas ran 12 ga Disamba 1991, mutane su ke ta kwararowa daga jihohi 36 na ƙasar nan, kowa da takardarsa a hannu. A nan ba wanda ya san asalinka. Abin da idon mai ɗaukar aiki ya gani, da abin da kunnensa ya ji, su ne kaɗai shaidunka.

Yawan masu nema kuwa ba abin wasa ba ne. Manyanmu ba su manta da ranar Asabar 15 ga Maris 2014 ba, sa'ad da Hukumar Shige da Fice ta kira masu neman aiki jarrabawa a filayen wasa na ƙasar nan. Mutum fiye da 500,000 suka nema, gurabe kuwa ba su kai 5,000 ba. Aka yi turereniya a ƙofofi, har da ƙofar babban filin wasa na Abuja, samari da 'yan mata suka rasa rayukansu. Allah ya ji ƙansu. A cikin irin wannan taro ba mai ganin fuskar wani. Saboda haka duk wanda ya sami minti 10 shi kaɗai a gaban mai ikon ɗaukarsa, ya sami abin da dubbai su ke nema ba su samu ba. Bai kamata ya ɓarar da shi saboda sakaci ba.

Wani zai ce, minti 10 me za a gane a cikinsa? To, ga abin da masana suka gwada. A 1993 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Harvard a Amurka, Nalini Ambady da Robert Rosenthal, suka ɗauki hoton bidiyo na malamai 13 suna koyarwa. Suka yanko guntaye uku uku daga na kowane malami, kowane guntu daƙiƙa 10, suka kashe murya, suka nuna wa mutanen da ba su taɓa sanin malaman ba. Hukuncin da baƙin nan suka yanke cikin rabin minti ya zo kusa ƙwarai da wanda ɗaliban malaman suka yanke bayan sun zauna a ajinsu zango guda. Hausawa sun riga su faɗa, labarin zuciya a tambayi fuska. Hedimasta bai karanta wannan bincike ba, amma shekara da shekaru yana ganin malamai suna shiga aji suna fita. Sa'ad da ka shigo ofishinsa, tambaya ɗaya ya ke yi wa kansa: in na sa wannan a gaban yara 50, za su saurare shi? In uwar yaro ta zo da fushi, zai iya kwantar mata da rai?

Amsar tana farawa daga agogo. Malamin da ya makara ranar da ya ke roƙon aiki, wa zai gaskata zai zo kafin a kaɗa ƙararrawa ranar da aikin ya zama nasa? Mu kuwa yawancinmu ba a tsakiyar birni mu ke kwana ba. Wani daga Zuba zai taso, wani daga Gwagwalada ko Kubwa ko Lugbe, wani ma daga Mararaba ta jihar Nasarawa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Nyanya da safe ya san yadda motoci su ke yin cincirindo tun gari bai gama wayewa ba. Tun 2006 kuma aka hana acaɓa shiga tsakiyar birni, don haka babu zancen a haye babur a kutsa in lokaci ya ƙure. Kada ka shiga ofis kana cewa cunkoso ne ya tsare ka, gama hedimastan ma ta hanyar nan ya biyo, ya kuwa iso. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka je ka ga wurin kwana ɗaya kafin ranar, ka san inda mota ta ke saukewa da tsawon tafiyar ƙasa, ka tanadi kuɗin mota na zuwa da dawowa har da 'yan canji. Ka isa da saura rabin sa'a, ka sami inuwa ka share gumi da ƙurar takalmi, sa'an nan ka shiga da saura minti 10. In kuwa ba kiranka aka yi ba, kai ne ka kai kanka, ka zaɓi lokaci. Kada ka je ana tsakiyar taron safe, ko ana tashin yara, ko ranar Jumma'a da azahar. Makarantu kuma sun fi neman malamai kafin sabuwar shekarar karatu ta fara a watan Satumba.

Abu na biyu, ganawa ba a ofis ta ke farawa ba, a bakin ƙofa ta ke farawa. Mai gadi, da masinja, da akawun da ke zaune a ɗakin jira, duk suna da ido, suna kuma da bakin da shugaba ya ke saurara. Sau da yawa bayan baƙo ya fita shugaba ya kan juya ya ce da akawu, yaya ka ga wannan? Saurayin da ya wuce mai gadi ba sallama, ya shiga ya zube gaban hedimasta, ya nuna ladabinsa na sayarwa ne. Makaranta kuwa wuri ne da malami zai yi hulɗa da ƙanana fiye da manya. Ka gai da mai gadi kamar yadda za ka gai da baffanka, ka faɗi sunanka da abin da ya kawo ka, ka rubuta a littafin baƙi da rubutu mai kyau, gama wannan ma rubutun malami ne. In an ce ka jira, ka jira. Ka kashe ƙarar wayarka ka sa ta aljihu. Zama kana duba allon sanarwa na makarantar ya fi maka amfani da zama kana latsa waya.

Sai tufafi. A nan ne 'yan'uwa da yawa su ke wahalar da kansu a banza. Wani ya ari kwat da ta fi ƙarfinsa, ya ɗaura laktaye cikin zafin watan Maris, ya isa yana naso. Wata ta ci bashi ta yi ɗinki kamar mai zuwa biki, ta sa takalmi mai tsinin da ba ta iya tafiya da shi. Zanen aro ba ya rufe katara. Ba tsadar tufa a ke dubawa ba, tsabtarta a ke dubawa. A makarantar mishan inda na yi firamare, kowace safiya sai an jera mu an duba farce da haƙora da gashi da wuyan riga, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka duk layi ɗaya, kuma ba a taɓa tambayar kowa nawa aka sayi rigarsa ba. Ma'aunin nan har yanzu shi ne. Kaftani wankakke gogagge da hula, ko shat da wando da takalmi sau-ciki mai gogi, ko atamfa mai sauƙin ɗinki da ɗankwali ko hijabi mai tsabta, kowanne ya isa. Ƙa'idar guda ce: ka sa abin da za ka iya shiga aji da shi gobe, ka ɗaga hannu ka yi rubutu a allo ba tare da kunya ko takura ba. Turare kuma kaɗan ya isa, ofis ƙarami ne.

Gaisuwa tana bukatar tunani, domin a nan ne tarbiyyar gida da al'adar ofis su ke karo. A gida an koya mana yaro ba ya kallon babba cikin ido, ya kan sunkuyar da kai, ya rage murya, ya durƙusa. Wannan tarbiyya ce mai kyau, ba na cewa a yar da ita. Amma wanda ke bayan tebur a Abuja yana iya zama Bayarabe ko Ibo ko Bagwari ko Tibi, kuma ko Bahaushe ne, malami ya ke nema. In ya ga kai a ƙasa, murya ba ta fita, sai ya ce a ransa yara za su hau kan wannan. Hanyar tsakiya ita ce ka ƙwanƙwasa, ka yi sallama ko gaisuwa da muryar da za a ji, ka ɗan rusuna, sa'an nan ka miƙe ka dubi fuskarsa da sakin fuska. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Kada ka zauna sai an ce ka zauna. Kada ka riga babba miƙa hannu, in ya miƙo ka karɓa. In kuwa ke mace ce ko kai namiji ne wanda addininsa ko al'adarsa ba ta yarda da musafaha da wani jinsi ba, ɗora hannu a ƙirji da murmushi ya wadatar, mai hankali ba zai ji haushi ba. Ka fara da Turanci tun da shi ne harshen ofis, a hankali, kalma bayan kalma, ba tare da ƙoƙarin murɗe harshe kamar Bature ba. In ya juya zuwa Hausa ka bi shi. Ka kuma shirya jimla biyu ko uku da za su faɗi sunanka, da kwalejin da ka gama, da darussan da ka karanta, da ajin da ka ke iya riƙewa. Wanda ya kasa gabatar da kansa, yaya zai gabatar da darasi?

Takardu su ma suna magana. Takardar shaidar NCE ko sakamakon wucin gadi, da ta WAEC ko NECO, da ta haihuwa, da ta ƙaramar hukumar asali, da lambar NIN, da ƙananan hotuna, duk a jera su cikin fayil mai tsabta, na asali a gefe ɗaya, kwafi a gefe ɗaya. Na asali a nuna su a komo da su, kwafi a ke bari. Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, watau TRCN, wadda aka kafa da dokar 1993, ita ke ba da shaidar cewa mutum malami ne a idon hukuma, tun 2017 kuma sai an ci jarrabawarta. Wanda ya samu ya sa ta a sama, wanda bai samu ba tukuna ya faɗi gaskiya ya ce yana shiri. Ka duba tun yanzu ko sunanka da ranar haihuwarka sun zo ɗaya a dukan takardun. In wata ta ce Yakubu wata ta ce Yakub, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun kafin a tambaye ka. Wasiƙar neman aikin kuwa ka ba wani malaminka ya duba ta. Kuskuren rubutu ɗaya a wasiƙar mai neman koyar da Turanci ya isa ya rufe ƙofa.

Amma duk waɗannan share fage ne. Abin da ya fi su duka shi ne ka tafi da aikin hannunka. Ku tuna da Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. 'Yar ƙasar Kwali ce, a cikin wannan yanki namu, ba ta kuwa riƙe da takardar makaranta ko ɗaya. Tukwanen da ta gina ne suka kai gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, a tsohon garin Abuja wanda yanzu a ke kira Suleja. A can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su a 1950. Da ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko, daga nan har Ingila da Amurka ta je tana nuna sana'arta. Tukunyarta ta riga ta shiga ɗaki, ta yi mata magana. Malami ma yana da tukunyarsa. Littafin tsarin darasi da ka rubuta lokacin koyarwar gwaji, wanda mai duba ka ya sa wa hannu, da taswira ko katin haruffa ko allon lissafi da ka yi da kwali, waɗannan su ne naka. Ka tafi da biyu ko uku mafi kyau. Makarantu masu zaman kansu da yawa su kan ce wa mai nema ya shiga aji ya koyar na ɗan lokaci a gani. Ka riƙe darasi ɗaya gajere a ka, da allinka ko makarka a aljihu, yadda in an ce bismilla ba za ka ce sai gobe ba. In ma ba a ce ba, kai ka roƙa. Gani ya kori ji.

Sa'ad da a ke yi maka tambayoyi, ka bari a gama kafin ka amsa. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, amma za ka bincika. Kada ka ce ka iya kwamfuta alhali ba ka iya ba, gama tana nan a kan tebur, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Kada ka zagi makarantar da ka yi koyarwar gwaji a cikinta, mai sauraronka zai ce gobe tasa za ka zaga. Kada kuma ka mai da ganawar wurin kuka, kana lissafa marayun gidanku da kuɗin haya. Kowa ya san akwai wahala, amma ba a ba mutum 'ya'yan jama'a don tausayi. Zancen albashi ka bar shi sai ƙarshe, sa'an nan ka yi shi ba tare da jin kunya ba. Tun 2024 doka ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, ko da ya ke ba ta hau kan ƙananan wuraren aiki masu ma'aikata ƙasa da 25 ba. Ka tambayi nawa ne, da ranar biya, da ko ana biya lokacin hutu, ka lissafa kuɗin motarka na wata, ka roƙi a rubuta maka a takarda. Wannan ba rashin ladabi ba ne. Mai makarantar kirki zai ƙara ganin girmanka.

Yanzu sai in juya ga masu sūka, domin na san suna nan, mun kuwa sha yin gardamar a ɗakin kwana. Na farko su kan ce, duk wannan ɓata lokaci ne, a Abuja sai kana da hanya, sai da 'yar takarda daga wani babba. Ba zan ce babu wannan ba, yaro ma ya san akwai. Amma ku lura da abu biyu. Masu hanya kaɗan ne, makarantu kuwa suna da yawa, daga Abaji har Bwari, daga Kuje har Kwali, na gwamnati da na masu zaman kansu. Mai makarantar da ke rayuwa da kuɗin iyaye ba zai ajiye malamin banza don takardar wani ba, gama iyaye za su kwashe 'ya'yansu. Sa'an nan mu da ba mu da kowa, me ya rage mana in ba wannan ba? Ɗan babban mutum yana iya makara ya shiga. Ɗan manomi ba shi da wannan gata, don haka shi ya fi kowa bukatar ya gyara abin da ke hannunsa. Wanda kuwa ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka takardar ɗaukar aiki, ka guje shi. In ba a cuce ka yau ba, ranar tantance ma'aikata asiri zai tonu.

Na biyu su kan ce, ai wannan koya wa mutane riya ne, a goge waje a bar ciki fanko. Wannan sūka tana da nauyi, kuma gaskiya ne ganin farko yana yin kuskure. Akwai malami mai in'ina ko mai jin kunya wanda yara su ke ƙauna, akwai kuma mai zaƙin baki wanda ba ya gyara littafin yaro ko sau ɗaya. Don haka ina roƙon shugabannin makarantu, da mu kanmu in Allah ya kai mu wannan kujera, kada a yanke hukunci sai an ga mutum da alli a hannu. Amma ga mai nema, amsar ita ce guga ba ta maye gurbin ilimi. A 2017 gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa da tambayoyin aji huɗu, 21,780 suka kasa samun maki 75 cikin 100 da aka sa, aka sallame su. An yi ta gardama a kan adalcin abin, amma darasin a fili ya ke: ranar tambaya tana zuwa. Abin da na ke kira gare shi ba ado ba ne. Zuwa kan lokaci, da tsabta, da girmama ƙarami, da faɗin gaskiya, da shirya darasi, ai su ne aikin malanta kansa. Wanda ya saba da su a kwaleji ba abin da zai ƙirƙira ranar ganawa, halinsa kawai zai tafi da shi. Wanda bai saba ba kuwa, ko ya ari hali na kwana ɗaya, kafin zango ya ƙare an gane shi.

Saboda haka ina ba da shawara ga hukumar kwaleji da ƙungiyar ɗalibai. A zangon ƙarshe a keɓe yamma ɗaya ko biyu a yi ganawar gwaji. A roƙi malamanmu biyu ko uku, da wani tsohon hedimasta daga makarantun da ke kusa, su zauna bayan tebur. Kowane ɗalibi ya shigo da shigarsa da fayilinsa, ya ƙwanƙwasa, ya gaisa, ya amsa tambaya, ya koyar na minti 5, 'yan'uwansa suna kallo, a gaya masa inda ya gyara da inda ya ɓata. Ba ya cin kuɗi, sai tebur da kujera da allo, duk kuwa muna da su. Gara a yi wa mutum dariya a nan cikin 'yan'uwansa da a ce masa a can, je ka, za mu neme ka.

Kafin a yi wannan, kowa ya fara da kansa. Jumma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Gobe da safe ka shiga lacca kafin malami, ka gai da mai sharar ajinku, ka ɗauko littafin tsarin darasinka ka ga ko abin nunawa ne. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya haɗa kowa da wurin aikin da zai yi wa 'ya'yan jama'a amfani. Amin.